Ƙarancin Hiliyam da Masu Nutso Cikin Teku: Yadda Tsadar Iska Ta Zama Maganar Rai

Tsakanin shekarar 2006 da 2023, sau huɗu duniya na faɗawa cikin ƙarancin iskar hiliyam, irin ƙarancin da ke sa manyan kamfanonin gas su daina karɓar sababbin masu saye, su koma rabon ɗan abin da ke hannu. Duk lokacin da hakan ta faru, labarin da ya fi yawo shi ne na balan-balan ɗin biki da suka yi tsada, sai na asibitocin da ke fargabar na'urarsu ta ɗaukar hoton cikin jiki, wato MRI, za ta tsaya. Akwai wani rukuni da ba a cika jin ɗuriyarsa ba: masu nutso cikin zurfin teku da kogunan dutse masu cike da ruwa, waɗanda da wannan iskar suke numfashi a can ƙasa.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa iskar hura balan-balan da numfashin ɗan Adam? Kuma tunda masana sun tabbatar ita ce ta biyu wajen yawa a sararin samaniya baki ɗaya, ta yaya za a ce ta yi ƙaranci? Amsar tambaya ta farko tana jikin mutum, ta biyu tana kasuwa da siyasar ƙasashe. Inda biyun suka haɗu shi ne shagon cika tukunyar iskar numfashi, wurin da mai nutso ke tsayawa yana lissafin ko ya rage hiliyam a haɗinsa ko ya haƙura da shiga ruwan.

## Abin da zurfi ke yi wa numfashi

Mutane da dama na ɗauka oksijin zalla ce a cikin tukunyar da mai nutso ke goyawa. Ba haka ba ne. Ga mafi yawansu, iskar nan ce da kowa ke shaƙa, aka tace ta aka danna a tukunya da inji: kimanin kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin. Da ita ake yawon kallon kifi da murjani a zurfin mita 10 ko 20, kuma yawancin ƙungiyoyin da ke horar da masu nutson shaƙatawa sun sa mita 40 a matsayin iyaka. Wanda bai wuce nan ba, galibi ƙarancin hiliyam ba ya taɓa shi.

Daga nan zuwa ƙasa lissafi ya canza. Duk mita 10 da mutum ya ƙara a cikin teku, ruwa na ƙara masa matsi daidai da na iskar sarari guda. A mita 30 matsin ya ninka huɗu, a mita 60 ya ninka bakwai. Na'urar da ke bakinsa tana ba shi iska daidai da matsin da ke kewaye da shi, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai buɗe ba. Ke nan a mita 60 kowane numfashi na ɗauke da iskar da ta ninka ta kan tudu sau bakwai, kuma duk wani sinadari da ke cikinta ya ninka haka.

Naitirojin, wadda ba ta yi wa kowa komai a kan tudu, takan fara juya kai daga wajen mita 30. Wannan shi ne mayen zurfi. Tunani ya yi nauyi, mutum ya kalli agogon hannunsa ya kasa gane lambar da ya gani, ya ji wani daɗi ko tsoro marar dalili, ya manta abin da ya kawo shi. Babbar illar ita ce, wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen sanin ya kama shi. A garin Dahab da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar akwai wani rami da ake kira Blue Hole, mai wata ƙofa a wajen mita 55 da ke ɓullewa cikin buɗaɗɗen teku. Masu nutso da yawa sun rasu a wurin, kuma neman wannan ƙofa da tukunya ɗaya ta iskar yau da kullum na cikin dalilan da aka fi ambata.

Ita ma oksijin guba take zama in matsinta ya yi yawa: tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ba tare da wata alama ba, kuma a cikin ruwa da zarar na'ura ta suɓuce daga baki, magana ta ƙare. Da iskar yau da kullum ana kai iyakar da aka amince a yi aiki a cikinta a wajen mita 56, iyaka ta ƙarshe kuma a mita 66.

Matsala ta uku ita ce kauri, kuma ita masana suka fi mayar da hankali a kai a shekarun nan. Iskar da aka matse takan yi nauyi, shigar da ita da fitar da ita ya zama aiki. In huhu ya gaza fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa, wato kabon dayoksaid, sai ta taru a jini, ta kawo haki da ruɗewa, ta ƙara ƙarfin maye, daga ƙarshe mutum ya suma. A 2016, Gavin Anthony da Farfesa Simon Mitchell sun fitar da sakamakon nazarin gwaje-gwajen nutso, suka ba da shawarar kada nauyin iskar numfashi ya wuce giram 5.2 a kowace lita, kuma ko ta halin ƙaƙa kada ya haura 6.2. Iskar yau da kullum tana kai iyakar farko a wajen mita 30, ta biyu kuma kafin a cika mita 40. Rasuwar David Shaw, ɗan Ostireliya, a zurfin mita 270 cikin kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu a watan Janairun 2005, an danganta ta da wannan taruwar gurɓatacciyar iska yayin da yake aikin ƙarfi a ƙasa.

Hiliyam na warware biyu daga cikin ukun kai tsaye, ta kuma ba da damar warware ta ukun. Ba ta sa maye, kuma nauyinta kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na iskar yau da kullum. Sai a cire wani kaso na naitirojin, a rage oksijin, a cike gurbin da ita. In sinadaran uku ne a haɗe ana kiran haɗin tirimiks. In oksijin ce da hiliyam kaɗai, heliyoks. Masu nutso na rubuta haɗin da lamba biyu: 18/45 na nufin kashi 18 oksijin, kashi 45 hiliyam, saura naitirojin. Mai shaƙar wannan a mita 60, mayen da zai ji bai kai na mai iskar yau da kullum a mita 30 ba.

Dabarar ta daɗe. A 1939 masu nutson rundunar ruwan Amurka sun yi aiki da heliyoks a kan jirgin ƙarƙashin ruwa Squalus da ya nutse a fiye da mita 70. Da irin waɗannan haɗe-haɗen ne kuma Ahmed Gabr, ɗan Masar, ya kai mita 332 a Dahab a watan Satumban 2014. Hiliyam na da nata wahalhalun: tana zuƙe ɗumin jiki da sauri, tana mayar da murya siririya har sai an sa na'ura kafin a fahimci magana, kuma daga wajen mita 150 matsin kan kawo karkarwar jiki. Ba ta kuma ɗauke wa mutum tsaye-tsayen da dole ya yi a hanyar tasowa don kada iska ta yi kumfa a jininsa.

## Iskar da ba a ƙerawa a masana'anta

Hiliyam da ake sayarwa duk daga ƙarƙashin ƙasa take. Yuraniyam da toriyam da ke cikin duwatsu ne ke samar da ita sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru, wani ɓangare ya maƙale a inda iskar gas ke taruwa. Wadda ta kuɓuce ta shiga sarari, saboda rashin nauyi, a ƙarshe ficewa take yi daga duniyar gaba ɗaya. Abin da ke cikin iskar da muke shaƙa wajen kashi biyar ne kacal cikin miliyan, kuma tace shi ya fi ƙarfin riba.

A 1903 aka haƙa wata rijiyar gas a Dexter, jihar Kansas ta Amurka, gas ɗin ya ƙi kama wuta. Bayan shekara biyu masana a Jami'ar Kansas suka gano akwai hiliyam kusan kashi biyu cikin ɗari a cikinsa. Tun daga lokacin harkar ke rataye a wuyan harkar gas. Matsayinta a can kamar na dusa ne a wurin surfe: ba wanda ke surfa hatsi don ya sami dusa, kuma komai tsadarta a kasuwa, in ba a buƙatar hatsin ba mai ɗaga taɓarya. Gas ɗin Katar, alal misali, hiliyam da ke cikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Abin da ya sa ake iya cire ta da riba shi ne ana sanyaya gas mai ɗimbin yawa a mayar da shi ruwa don lodi a jiragen ruwa, ita kuma ta rage a gefe ba ta zama ruwa ba. In masana'antar gas ta tsaya don gyara, ko ta rage aiki, hiliyam ta tsaya tare da ita, ko da masu saye na layi da kuɗi a hannu.

Masu samarwar kuma 'yan ƙalilan ne. Amurka da Katar ne ke riƙe da kaso mafi girma, Katar ita kaɗai kusan kashi ɗaya cikin uku, sai Aljeriya da Rasha. Masana'anta guda ta kamfanin ExxonMobil a jihar Wyoming na ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke amfani da shi. Nijeriya, duk da arzikin gas da masana'antar da ke tsibirin Bonny, ba ta cikin masu samar da ita. Abin da asibitoci da kamfanoni ke buƙata daga waje ake shigo da shi.

Ajiya ma wani aiki ne. Sai an sanyaya ta zuwa digiri 269 ƙasa da sifili kafin ta zama ruwa, a zuba a kwantenoni na musamman masu cin kusan lita dubu arba'in. Komai kyan kwantenar, zafi na kutsawa a hankali, bayan 'yan makonni ruwan ya fara komawa iska. Shi ya sa ba a iya jibge ta a sito a jira ranar tsanani.

## Rumbun Amurka da ƙaranci huɗu

Tsawon shekaru akwai abin da ke rufe wannan rauni. Gwamnatin Amurka, wadda ta kafa dokar hiliyam tun 1925 saboda jiragen balan-balan na soja, ta tara ɗimbin iskar a wani rumbu na ƙarƙashin ƙasa kusa da Amarillo a jihar Teksas, musamman bayan 1960. Da bashin shirin ya haura dala biliyan ɗaya, majalisa ta yi doka a 1996 cewa a sayar da abin da ke ciki a biya. Wani kwamitin masana da ya duba lamarin a 2010 ya nuna cewa farashin da gwamnati ke sayarwa bai dace da ainihin darajar iskar ba. Masu sukar dokar na cewa arahar ta hana 'yan kasuwa zuba jari a sababbin wurare, ta kuma koya wa masu amfani almubazzaranci. Masu goyon bayanta na cewa ba aikin gwamnati ba ne ta zama 'yar kasuwar gas. An sake doka a 2013, kuma a 2024 aka kammala sayar da rumbun da bututunsa ga kamfanin Messer.

Yayin da rumbun ke raguwa, duk wata tangarɗa sai ta fito fili. An yi ƙaranci a 2006 zuwa 2007, an sake daga 2011 zuwa 2013 har sai da sabuwar masana'antar Katar ta fara aiki. A watan Yunin 2017, da Saudiyya da ƙawayenta suka yanke hulɗa da Katar suka rufe kan iyaka, hanyar motocin da ke kai kwantenoni tashar ruwa ta Dubai ta toshe, masana'antun Katar da ke Ras Laffan suka tsaya na wasu makonni. Ƙaranci na uku ya biyo baya daga 2018, kuma annobar korona ce ta kawo ƙarshensa a 2020 ta hanyar rage buƙata.

Na huɗu ya zo ne a lokacin da ake sa ran wadata. Kamfanin Gazprom ya buɗe katafariyar masana'antar Amur a gabashin Rasha a 2021, wadda aka tsara za ta riƙa fitar da kaso mai tsoka na buƙatar duniya. Gobara ta tashi a can a watan Oktoban 2021, fashewa ta biyo baya a Janairun 2022. A daidai lokacin, injin tace hiliyam na rumbun Teksas ya tsaya na watanni saboda fargabar haɗari, Katar na gyaran da ta tsara, sannan yaƙin Yukiren ya sa Turai ta ƙara jan gas ɗin Aljeriya ta bututu, wanda ke wucewa ba a cire masa hiliyam ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke nufin iskar ta ƙare a ƙarƙashin ƙasa. Ƙofofin fitowarta ne ba su da yawa, suka kuma rufe kusan lokaci guda.

## Wa ake fara ba?

In kaya suka yi kaɗan, manyan dillalai irin su Linde da Air Liquide da Air Products kan koma rabo: kowane mai kwantiragi ya sami wani kaso na abin da ya saba karɓa. Asibitoci ne a gaba, domin tsohuwar na'urar MRI na buƙatar lita 1,500 zuwa 2,000 na ruwan hiliyam don sanyaya maganaɗisunta. Sai masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayoyin intanet na gilashi, da hukumomin harba kumbo, da manyan ɗakunan bincike. Shagon nutso da ke sayen silinda biyu ko uku a wata, ba tare da dogon kwantiragi ba, yana can ƙarshen layi tare da mai balan-balan. Wanda ke wani tsibiri mai nisa kuma, ga kuɗin jirgi ga jira.

## Lissafin tukunya

A shagon cika tukunya, mai haɗawa yakan fara zuba hiliyam daga babbar silinda yana kallon allurar ma'auni, ya ƙara oksijin a hankali don kada ta yi zafi, ya cike da iskar inji. A bar tukunyar ta huce. Mai nutson da kansa zai auna haɗin da na'urar gwaji, ya rubuta sakamakon da iyakar zurfin a jikin tef ya manna. Kuɗin hiliyam da lita ake lissafa shi, kuma a nan ne tsadar ke bayyana.

A ɗauki tagwayen tukwane masu cin lita 12 kowacce, an danna su ninki 200 na matsin sarari: lita 4,800 ke nan. In haɗin 18/45 ne, lita 2,160 daga ciki hiliyam ce. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti a kan tudu, a mita 60 lita 140 yake ja, kuma a tsarin da aka saba, duk numfashin da ya fitar kumfa yake zama ya tashi sama. Cikin ƙasa da rabin sa'a a ƙasa ya cinye abin da ƙa'ida ta yarda ya taɓa, tunda dole ya bar ajiya don tasowa, gobe kuma sai sabon ciko. Wanda ya je hutun mako guda don ganin jiragen da suka nutse zai iya ƙarar da lita dubu goma ko fiye. Don haka ko ƙaramin ƙari a kan lita ɗaya, in aka ninka, yakan zama kuɗi mai nauyi, balle in farashi ya ninka.

Ga inda haɗarin yake. In mutum ya ce a rage masa hiliyam daga kashi 45 zuwa 30, ya tsira da kuɗin lita 720. Amma nauyin iskarsa a mita 60 ya tashi daga wajen giram 5.6 zuwa 6.7 a lita, ya tsallake iyaka ta ƙarshe da Anthony da Mitchell suka ja, mayen ma ya ƙaru. Babu ɗan sanda a bakin ruwa da zai hana shi. Zai iya yin haka sau da yawa ya fito lafiya, domin illar ba ta nuna kanta sai ranar da igiyar ruwa ta yi ƙarfi ko abokin tafiya ya shiga matsala, aka buƙaci aikin ƙarfi da tunani mai kyau a lokaci guda. Wasu kuma kan waiwayi iskar balan-balan saboda araha, alhali ba a tace ta don numfashi ba, kuma a wasu kasuwanni gauraya ta ake yi da wata iskar.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Ɓangare guda, wanda ƙungiyar horarwa ta GUE ke kan gaba a cikinsa, na cewa a sa hiliyam tun daga wajen mita 30, kuma ba a ciniki a kan haɗi. In kuɗi bai kai ba, a rage zurfi ko a rage yawan shiga. Hujjarsu ita ce binciken kaurin iska da tarihin waɗanda suka mutu da iskar yau da kullum a zurfi.

Ɗaya ɓangaren na nuna cewa an daɗe ana nutso da iskar yau da kullum fiye da mita 40 a bisa tsari. Ƙungiyar BSAC ta Birtaniya ta yarda ƙwararrunta su kai mita 50, dokar Faransa kuma ta ba masu babban mataki damar kai mita 60. A ganinsu, gogaggen mutum a ruwa mai ɗumi, mai haske, marar igiya, zai iya sarrafa maye daidai gwargwado, kuma tilasta hiliyam a kowane hali zai mayar da harkar ta masu hannu da shuni kaɗai. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, musamman ga jagororin nutso a ƙasashe irin su Masar, masu karɓar albashi da kuɗin gida alhali iskar da kuɗin waje ake shigo da ita. Raunin hujjar shi ne, gwaje-gwaje sun nuna sabo yakan rage jin mayen fiye da yadda yake gyara aiki: mutum ya ji garau, amma in an auna saurin tunaninsa a ga da saura. Sabo kuma ba ya rage kaurin iska ko kaɗan.

Mafita ta uku ita ce wadda kasuwa ta fi karkata gare ta: na'urar maimaita numfashi. Ita ba ta zubar da abin da mutum ya fitar. Tana bi da shi ta cikin wani sinadari mai tsotse kabon dayoksaid, ta ƙara ɗan oksijin da jiki ya ƙona, ta dawo masa da shi. Tunda jiki ba ya cin hiliyam, ita sai zagayawa. Ƙaramar tukunya mai lita 3, mai ɗauke da lita 270 na hiliyam a haɗi iri ɗaya da na sama, na iya isar nutson da ya ci lita dubu biyu a tsohon tsari, har ta yi saura. Ana dai ɗaukar tukwanen ko-ta-kwana masu tirimiks, amma in ba matsala haka za a dawo da su a cike.

Sai dai gaba kura ce, baya sayaki. Na'urar kan kai dala dubu goma ko kusa da haka, ban da kuɗin horo da na gyara. Kuma kuskurenta a ɓoye yake: oksijin na iya yin ƙasa ko sama, ko sinadarin tsotsa ya gaji, mutum na ta numfashi bai ji komai ba har ya suma. Likita Andrew Fock na Ostireliya ya nazarci mutuwar mutum 181 da ke amfani da irin wannan na'ura tsakanin 1998 da 2010, ya ƙiyasta cewa haɗarin ya ninka na nutson shaƙatawa kusan sau goma, ya kuma lura cewa yawancin lamuran sun haɗa da nutso mai haɗari ko karya ƙa'ida. Masu kare na'urar na cewa kwatancin bai yi adalci ba tunda masu ita ne ke zuwa wurare mafi wuya, kuma na'urori da horo sun inganta tun lokacin. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, wanda tsadar iska ta tura wa na'urar kafin ya ƙware ya sauya haɗari ne da wani haɗarin.

Akwai kuma masu tambayar ko ya dace a busar da iskar da ba ta dawowa don nishaɗi. Marigayi Robert Richardson, wanda ya ci kyautar Nobel a 1996, ya taɓa cewa da ana sayar da hiliyam a kan darajarta, da balan-balan ɗaya ta kai dala ɗari. Masu nutso na amsawa da cewa kasonsu a abin da duniya ke sha ƙarami ne, kuma kullum ana ƙona gas mai yawa a duniya ba tare da an cire hiliyam da ke cikinsa ba, wadda ita ma tafiya take yi. Ba duka ne 'yan shaƙatawa ba: masu binciken murjanin da ke tsakanin mita 30 da 150, masu tono tarihin jiragen da suka nutse, da masu ɗauko gawa daga kogo duk da wannan haɗin suke aiki, galibi da ƙaramin kasafi.

## Masu nutson sana'a

Waɗanda suka fi kowa shan hiliyam a ruwa su ne ma'aikatan da ke gyaran bututu da rijiyoyin mai a ƙasan teku, har da na gaɓar Nijeriya. Su zaman dirshan suke yi: a rufe su a ɗakin ƙarfe a kan jirgi, a matse shi daidai da zurfin wurin aiki, su kwana su tashi a ciki har kusan mako huɗu suna shaƙar heliyoks, ana saukar da su ana ɗauko su a cikin wani ƙaramin ɗaki mai kama da ƙararrawa. Sauke matsin a ƙarshe kan ci kusan kwana guda a kan kowace mita 30. Irin waɗannan ma'aikata ne suka tarar da Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4, da ransa a watan Mayun 2013, bayan ya shafe kusan sa'a 60 a wani lungu mai iska a cikin jirgin da ya kife a zurfin mita 30 a tekun Nijeriya.

Abin lura shi ne, su ƙarancin bai cika girgiza su kamar ƙananan shaguna ba. Suna da dogayen kwantiragi, kuɗin iska ƙaramin abu ne a kan kuɗin hayar jirgin aiki, kuma tun da daɗewa suke amfani da injinan da ke dawo da numfashin mai nutso ta tiyo zuwa jirgi, a tace a sake ba shi, abin da ke ceto wajen kashi 90 cikin ɗari na hiliyam. Ƙarin kuɗin da ya rage, kamfanin mai ne ke ɗauka.

## Abin da ke tafe

Daga ƙarshen 2023 kasuwa ta fara sassautawa, bayan masana'antar Amur ta koma aiki. Ana kuma neman sababbin wurare inda hiliyam ce abin haƙa na farko: kwarin Rukwa a Tanzaniya, inda aka sanar da gano ta a 2016, da yankin Free State na Afirka ta Kudu, da Saskatchewan a Kanada. A asibitoci, kamfanonin Philips da Siemens sun fito da na'urorin MRI da ke aiki da 'yan litoci a rufe, abin da zai rage buƙata sannu a hankali, ko da yake asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi za su daɗe da tsofaffin na'urori masu buƙatar ƙari.

Ana kuma gwada haidirojin, wadda ta fi hiliyam rashin nauyi da araha. Kamfanin Comex na Faransa ya kai mutum matsin mita 701 a ɗakin gwaji a 1992 da haɗin da ke da ita. A watan Fabrairun 2023, Richard Harris, likitan da ya yi suna wajen ceton yaran kogon Tailan a 2018, ya shaƙe ta a nutson mita 230 a wani kogo a New Zealand. Amma haidirojin na kama wuta in oksijin a haɗin ya wuce wajen kashi huɗu cikin ɗari, don haka sai a can ƙasa sosai ake iya komawa kanta, kuma har a haɗin Harris akwai hiliyam mai yawa. Mai nutson mita 60 ba zai amfana da ita nan kusa ba.

Sassaucin ma bai kai ko'ina daidai ba. Tarayyar Turai ta haramta shigo da hiliyam ta Rasha a 2024, don haka shagunan Turai ba sa samun ta Amur, Ostireliya kuma ta rufe masana'antarta ɗaya tilo da ke Darwin a 2023, ta koma saye daga waje. Kwantenonin Katar da ke fita ta ruwa dole su bi ta mashigin Hormuz, kuma sababbin rijiyoyin Afirka da Kanada ƙanana ne in aka gwada su da Ras Laffan, suna kuma buƙatar shekaru kafin su cike giɓin masana'anta guda in ta tsaya.